Abuja zuwa Guwanzu: awa 26 a tafiya, awa 11 a dawowa?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a warware min wani abu kafin in tura kuɗi. Maigidana ne zai aike ni Guwanzu ta ƙasar Chaina saro kayan waya, saboda ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya bana, ni kuwa ko Legas ban taɓa zuwa ta sama ba. Ejan ya turo min jadawalin tikiti: tashi daga Abuja ranar Litinin ƙarfe 1:30 na rana, a yada zango a Adis Ababa ta Habasha, sauka a Guwanzu ranar Talata ƙarfe 4:00 na yamma. Na ƙirga, awa 26 da rabi ke nan. A dawowa kuma an rubuta tashi 00:30 ranar Juma'a, sauka a Abuja 12:00 na rana a wannan Juma'ar. Awa 11 da rabi kacal. Hanya ɗaya ce, jirgi iri ɗaya ne. Kuskure ejan ya yi, ko akwai gajeriyar hanya da ake bi a dawowa?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam ɗana. Ba kuskure ba ne, agogo ne ya ruɗe ka. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan ina saro labule da zannuwan gado. Lokacin da aka rubuta a tikiti, kowanne agogon garin da kake ne a wannan lokacin. Na tashi agogon Abuja, na sauka agogon Chaina. Su kuma suna gabanmu da awa 7. Idan ana kiran azahar a nan Kaduna, su can sun yi isha'i.

Auwalu: To Hajiya, ke nan in cire bakwai?

Malam Shu'aibu: A tafiya ka cire, a dawowa ka ƙara. 26 da rabi ban da 7, saura 19 da rabi. 11 da rabi a ƙara 7, ya zama 18 da rabi. Ka ga tazarar da ta firgita ka ta koma awa ɗaya tak. Turo mana lokutan Adis mu ga inda awa ɗayar ta shiga.

Auwalu: Ga su Malam. Sauka Adis 8:15 na dare, tashi 00:30. A dawowa sauka Adis 6:30 na safe, tashi 9:00 na safe.

Malam Shu'aibu: Madalla. Habasha tana gabanmu da awa 2, Chaina kuma tana gaban Habasha da awa 5. Saboda haka daga Abuja zuwa Adis za ka yi awa 4 da minti 45. Ka zauna jira awa 4 da kwata. Daga Adis zuwa Guwanzu awa 10 da rabi. A dawowa, Guwanzu zuwa Adis awa 11, jira awa 2 da rabi, Adis zuwa Abuja awa 5. Duba da kyau: zaman cikin jirgi a dawowa ya ma fi tsawo, awa 16 a kan 15 da kwata. Jiran ne ya ragu, shi ya sa jimillar ta sauka.

Hajiya Rabi: Kafin ku yi nisa da lissafi, Auwalu ka saurare ni a kan 00:30 ɗin nan, domin shi ne ramin da ke cin sabon zuwa. 00:30 na Juma'a, Alhamis da tsakar dare ke nan. Ranar Alhamis da magariba za ka bar masauki, ba ranar Juma'a ba. Wata shekara mun tafi da wata baiwar Allah daga Unguwar Shanu, tikitinta ya sha bamban da namu da kwana biyu. Ta ga Juma'a a takarda, ta yi sayayyarta hankali kwance, ta isa filin jirgi ranar Juma'a da dare, jirginta ya tashi tun jiya. Kuɗin da ta ware na dakon kaya da shi ta gyara tikiti, ga ƙarin kwanan otel. Har yau idan na tuna yadda ta kira ni tana kuka sai raina ya sosu. Rubuta a bayan hannunka in ta kama: Alhamis da dare.

Auwalu: Subhanallahi. Wallahi Hajiya ni ma Juma'a na sa a raina. Allah ya saka da alheri.

Nura: Ni ban gamsu da lissafin Malam ba. An koya mana duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas. Ke nan wanda ya taso daga Chaina zuwa Najeriya, ƙasar tana tahowa ta tarye shi, ya kamata ya fi saurin isowa. Wanda zai tafi gabas kuma garin yana gudunsa. Yaya za a ce dawowa ta fi tsawo a cikin jirgi?

Malam Shu'aibu: Tambaya ce mai kyau Nura, kusan kowace shekara sai ɗalibi ya yi min ita a aji. Ka shiga jirgin ƙasa daga Rigasa, yana cikin gudu ka yi tsalle a tsakiyar tarago. A ina za ka dira? A inda ka tashi. Ƙudan da ke yawo a taragon ma ba ya fama da gudun jirgin, domin iskar da ke ciki tare take tafiya da jirgin. Haka duniya take da iskar da ta lulluɓe ta. A nan Kaduna juyawar ƙasa tana tafiya da mu gabas da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, amma da mu, da iska, da jirgin da ke ajiye a fili, duk tare muke tafiya. Jirgi ba ya zubar da wannan gudun don ya ɗaga sama.

Nura: Amma Malam tarago a rufe yake. Sama a buɗe take.

Malam Shu'aibu: Abin da ya riƙe ka a ƙasa shi ya riƙe iskar. Da a ce ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin iska da wannan gudun, da kullum guguwar da ta fi jirgin sama gudu tana kaɗawa daga gabas, ba rufin kwanon da zai kwana a Tudun Wada. Da kuma mai jirgi mai saukar ungulu ba ya buƙatar zuwa ko'ina, sai ya ɗaga ya tsaya cak ya jira garin da yake so ya iso ƙarƙashinsa.

Nura: Na ji wannan. To mene ne yake kawo bambancin?

Hadiza: Malam ka ba ni dama in sa baki, wannan fagen namu ne. A kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya na yi karatu, kuma aikina shi ne tsara wa matuƙa hanya da lissafin mai kafin su tashi. Amsar Nura ita ce iska. Manyan jiragen fasinja suna tafiya ne a tsayin ƙafa 35,000 zuwa 40,000, da gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Amma wannan gudun a cikin iska ne, ba a kan ƙasa ba. A can sama akwai wasu hanyoyi da iska ke bi kamar kogi, siriri mai tsananin gudu, galibi daga yamma zuwa gabas. Gudunsa yakan wuce kilomita 200 a awa, da sanyi ya fi haka. Wanda ya bi bayansa yana samun turi, wanda ya tunkare shi yana ja da shi. Kamar mai kwalekwale ne a kogin Kaduna da damina, gangara da hawa ba ɗaya ba ne ko da ƙarfin damtsensa bai canza ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne tsakanin Nuyok da Landan, kimanin kilomita 5,550. Zuwa Landan awa 7 ne a jadawali, komawa Nuyok awa 8. A watan Fabrairu na 2020, lokacin wata babbar guguwa a Turai, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Nuyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, iska ce kawai ta tura shi.

Kuma Nura ba ka faɗi gaba ɗaya ba. Juyawar duniya tana da hannu, ita ce take karkatar da waɗannan iskokin su riƙa bin wannan fuskar. Ta hanyar iska take shiga maganar, ba ta yadda ka zata ba.

Nura: Na gode Anti. Ke nan kullum zuwa gabas ya fi sauri?

Hadiza: Ba kullum ba, kuma hanyar Auwalu na cikin wuraren da ƙa'idar ke sauyawa. Daga wajen Yuni zuwa Satumba, lokacin da damina ta kankama a Indiya, akwai wani kogin iskar da ke tasowa daga gabas, ya ratsa kudancin Indiya da tekun ya nufo Afirka. A waɗannan watannin mai dawowa daga Chaina zuwa Adis shi ne yake samun turi. Shi ya sa tsakanin jadawalin rani da na hunturu na kamfanoni za ka ga minti 20 ko 30 sun ƙaru ko sun ragu a hanya ɗaya. Tafiyar kudu da arewa kuwa, irin Abuja zuwa Landan, zuwa da dawowa kusan ɗaya ne, wajen awa 6 da rabi, domin iskar gefe take bugun jirgin.

Bashir: Ni nisan ne ya ɗaure min kai. Na bincika nisan Abuja zuwa Guwanzu a waya, wani shafi ya ce 11,200, wani ya ce 6,970, wani kuma 6,050. Wa za a gaskata?

Hadiza: Duka ukun. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne na ƙasa, kowane ɗaya mita 1,609. Na uku mil ne na teku, mita 1,852, da shi matuƙan jirgin sama da na ruwa suke aiki. Mudu ne ya bambanta, hatsin ɗaya ne.

Bashir: To in kilomita 11,200 ne, jirgi kuma yana cin kusan 900 a awa, ai awa 13 ya isa. Ina sauran awa 6 suka tafi? Ni a ganina zagaye ake yi da mutane. A kai ka Habasha, wani a kai shi Masar, wani har Turkiyya, duk don a ci kuɗi.

Malam Shu'aibu: Malam Bashir, a nan zan ɗan tsaya, domin taswirar bango tana yaudarar ido. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuma shimfiɗaɗɗiya. In kana son gajeriyar hanya tsakanin gari biyu, samu ƙwallon duniya irin na makaranta, ka ɗora zare a kan garin farko, ka ja shi ya miƙe tsam zuwa na biyu. Jiya da na ga tambayar Auwalu sai da na yi haka a ofis, kuma abin da na gani ya burge ni. Zaren ya bar Abuja ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya daidai wajen Jidda, ya wuce dab da Makka, ya keta Saudiyya ya bi ta kan Dubai, ya shiga arewacin Indiya, sannan ya gangaro kudancin Chaina. Wato mai tafiya Guwanzu daga nan, alƙibla ya fuskanta tun daga gida.

Yanzu ga hanyoyin da mutanenmu ke bi. Ta Dubai: kimanin kilomita 5,400 da 5,800, jimilla 11,200, kusan a kan zaren take. Ta Alkahira: wajen 3,400 da 8,000, jimilla 11,400 da 'yan kai. Ta Adis: wajen 3,460 da 8,040, jimilla 11,500. Ta Santanbul ce ta fi nisa, ta ɗan haura 12,000. Ka ga zagayen Adis da kake kuka da shi kilomita 300 ne, tafiyar minti 20 a sama. Ko na Turkiyya bai wuce awa ɗaya ba.

Bashir: Ikon Allah. Ni da na ɗauka Masar baya ake komawa.

Hadiza: Sauran awannin kuma ga inda suke. Lokacin tikiti yana farawa ne daga sanda jirgi ya bar ƙofa zuwa sanda ya tsaya a ƙofa, har da tafiyar da yake yi a ƙasa, da jiran layin tashi, da hawa da saukowa inda ba ya cikakken gudu. Duk sauka ɗaya tana cin kusan minti 40 ta wannan hanyar. Jirgi kuma ba ya bin zaren Malam sak, akwai hanyoyin sama da aka shata, akwai hadari da ake kauce wa. Sai babban mai cin lokaci, zaman jira. Da za a miƙe kai tsaye, awa 13 zuwa 14 ne, kuma jiragen yanzu suna iyawa, tunda akwai mai tashi daga Singafo zuwa Nuyok ba tsayawa, sama da kilomita 15,000, awa 18 da wani abu. Abin da ke sa a yada zango shi ne cika kujeru. A Adis ake tara na Abuja, da na Kano, da na Akara, da na Kinshasa, a zuba su a jirgi ɗaya. Motar Kawo ma ba ta tashi sai ta cika.

Alhaji Garba: 'Yata Hadiza ta faɗi gaskiya a kan kauce wa hanya, mu mun gani da idonmu. Daga Kaduna zuwa Jidda nawa ne Malam?

Malam Shu'aibu: Wajen kilomita 3,600 ne Alhaji.

Alhaji Garba: To. Hajjina na farko, daga sansanin alhazai na Mando aka kwashe mu da dare, awa huɗu da rabi muka yi a sama. A 2023 na raka mai ɗakina, yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu, an rufe samansu, sai da aka zagaya da mu. Mun haura awa shida. Makka ba ta matsa ba, Kaduna ba ta matsa ba, amma tafiya ta ƙaru. A 2023 ɗin dai, da aka yi juyin mulki a Nijar suka rufe nasu saman a watan Agusta, masu zuwa Turai su ma sai da suka ɗanɗana. Saboda haka lambar da waya ta ba ku, lambar zaman lafiya ce.

Kuma ku yara ku riƙa godiya. Kakana a ƙasa ya tafi, ta Borno, ta Chadi, ya zauna a Sudan yana noma yana tara guzuri kafin ya tsallaka teku. Ya bar mahaifina yana rarrafe, ya dawo ya same shi yana kiwo. Hanyar nan da zaren Malam ya bi, ita suka bi da ƙafa.

Hajiya Rabi: Allah ya jiƙan magabata. Alhaji ka tuna min, har yanzu akwai zuri'ar waɗanda ba su ƙarasa ba ko ba su dawo ba, suna can Sudan suna jin Hausa.

Bashir: Amin. Amma ni har yanzu ina kan bakana ta fuskar kuɗi. Auwalu, kafin ka biya, ka sa ejan ya duba maka masu dogon jira, sun fi araha. Ni na taɓa samun ragi mai kauri saboda na yarda in zauna awa 15 a hanya. Ɗan kasuwa ai ribarsa tun daga tikiti take farawa.

Hajiya Rabi: A'a Bashir, ban goyi bayan wannan ba, ba ga sabon zuwa ba. Awa 15 a filin jirgi ba kyauta ba ne. Za ka ci abinci sau biyu ko uku da kuɗin waje, ruwan sha ma saye ne. Ka isa Guwanzu a gajiye liƙis, ka yi asarar yini guda kana barci a ɗakin da kake biya. Yaron nan kwana nawa gare shi gaba ɗaya? In ya sauka Talata da yamma ya bar gari Alhamis ta mako mai zuwa, kwanakin kasuwarsa ba su kai goma ba, ga masana'anta sai ta ɗauki kwanaki kafin ta haɗa oda. Araha ba ta ado.

Bashir: Hajiya ke kin riga kin yi ƙarfi ne. Mai ƙaramin jari dole ya duba.

Hajiya Rabi: Da ƙaramin jarin na fara ɗana, kuma na yi irin zaman da kake faɗa, shi ya sa nake hana shi. Ban ce kada a duba farashi ba. A duba, amma a haɗa da kuɗin abinci da kwanan da za a rasa, sannan a gwada. Wani tikitin kuma in jiran ya yi tsawo ana ba da masauki, wani ba a bayarwa, sai an tambaya tun kafin a biya.

Hadiza: Gajeren jira ma yana da nasa haɗarin. Duk abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba ni ba na ba sabon matafiyi shawararsa. Jirgin farko ya makara da minti 40, ga layin bincike, ga neman ƙofa, kai ka samu shiga jakarka ba ta samu ba. Awa 4 a tafiya da 2 da rabi a dawowa da aka ba Auwalu daidai ne. Abu ɗaya zai tabbatar: tikiti ɗaya ne tun daga Abuja har Guwanzu, ba guda biyu aka haɗa masa ba. In ɗaya ne, jakarsa za ta wuce da kanta, kuma in jirgin farko ya jawo ya rasa na biyu, kamfanin ne zai sa shi a wani. In biyu ne daban, asarar tasa ce.

Auwalu: Na tambaye shi yanzu Anti, ya ce ɗaya ne, lambar ajiyar kujera ɗaya ce.

Alhaji Garba: Abin da ke min ciwo shi ne duk wannan lissafin daga Abuja ake fara shi. A watan Maris na 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titin sauka, nan Kaduna aka dawo da komai. Jirgin Habasha a nan ya riƙa sauka. Na tashi daga gidana a Kawo, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ina filin jirgi, da yamma ina Adis. Mun ga ana iyawa.

Malam Shu'aibu: Alhaji, in don nisa ne ma, Kaduna ta fi Abuja kusa da Guwanzu da kusan kilomita 90, tunda hanyar arewa maso gabas ta nufa. Kano ta fi mu kusa kuma. Auwalu zai yi tafiyar kusan kilomita 190 zuwa kudu ne kafin ya fara tafiyar gaske. Don haka in ana maganar tsawon tafiya, a ƙirga daga ƙofar gida. Ya fita ƙarfe 6 na safiyar Litinin, ya shiga masauki a Guwanzu wajen 6:30 na yammar Talata agogonsu, wato 11:30 na safe agogonmu. Kusan awa 30 ke nan, a ciki 15 da kwata ne kawai a sama.

Hajiya Rabi: Ni ba zan bar shi ya fita ranar Litinin ba. Ana son mutum a filin jirgi awa uku kafin tashi, wato 10:30. Ko jirgin ƙasa ya bi zuwa tashar Idu a Abuja, ko mota, abu kaɗan zai faru a hanya lissafi ya rushe. Ya tafi Lahadi ya kwana. In ba shi da masauki, ƙanena yana Kubwa.

Auwalu: Na gode Hajiya, zan kwana wajen yayata a Lugbe, ta ce kusa ne da filin. Sai maganar salla. Yaya kuke yi?

Hajiya Rabi: Matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa salloli, amma ka je wajen malaminku ya yi maka bayani dalla-dalla kafin ka tafi. Yadda nake yi dai: azahar da la'asar a Abuja in lokaci ya shiga kafin a kira shiga jirgi, in bai shiga ba sai a cikin jirgi. Magariba da isha'i a Adis, akwai wurin salla. Asuba ce take kuɓuce wa mutane. Kun tashi tsakar dare, an ba ku abinci, an kashe fitilu an rufe tagogi, kai kana ganin da sauran dare. Alhali gabas kuka nufa, kuna tarar rana. Bayan kamar awa uku da tashi alfijir ya keto. Ka riƙe alwala, ka sa ƙararrawa a waya ta ƙirga maka awa uku, ka ɗaga tagar kaɗan ka duba.

Hadiza: Haka ne. A dawowa kuma akasin haka zai gani, kusan awa 11 a cikin duhu, domin yana gudu ne tare da dare. Sai dab da sauka Adis gari zai waye. Kada ya duba agogon Chaina ya ga 6 na safe ya ce asuba ta yi. Sararin da ke wajen taga shi ne abin dubawa.

Alhaji Garba: Ka kuma riƙa tashi kana taka ƙafa a tsakanin kujeru, ka sha ruwa sosai. Zaman awa goma wuri ɗaya yana kumbura ƙafa. Ka nemi kujerar bakin hanya. Ka kuma ɗauki rigar sanyi a jakar hannu, Adis a kan tudu take, sama da mita 2,300, darensu da sanyi ko a watan da muke fama da zafi a nan.

Malam Shu'aibu: Ƙari ɗaya a kan Adis. Mutanen Habasha suna da nasu ƙirgen lokaci, daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, 7 na safe a wajensu ƙarfe 1 ne. Filin jirgi da tikiti ba sa bin wannan, agogon da kowa ya sani suke bi. Saboda haka allon filin jirgi za ka duba, kada ka leƙa agogon hannun wani.

Nura: Malam na samo ƙwallon duniya a wajen ƙanwata na gwada zaren. Da gaske ta kan Makka ya bi. Na gwada Kaduna zuwa Amurka kuma, na ga ya bi ta saman Mali ya faɗa teku, ba yadda nake zato ba.

Malam Shu'aibu: Gwada Dubai zuwa yammacin Amurka ka gani, ta can ƙuryar arewa wajen ƙanƙara zai bi da kai.

Auwalu: Jama'a na biya. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na rubuta komai a takarda: Lahadi Abuja, ƙararrawar asuba, Alhamis da dare.

Hajiya Rabi: Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Tafiyarka ta faɗo a lokacin baje kolin Kanton na nan Guwanzu, wanda suke yi sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, don haka layin jami'an shige da fice a filin jirginsu na Baiyun zai yi tsawo, kada ka ce wa mai tarbarka ƙarfe 4. Ce masa 5:30. Ka sa adireshin masaukin da rubutunsu a waya da kuma a takarda, direbobin tasi ba sa karanta namu.

Auwalu: Salamu alaikum, daga Guwanzu nake rubutu. Mun sauka 3:40, minti 20 kafin lokaci, matuƙin ya ce iska ce ta taimaka. Alfijir ya same mu a kan teku, awa uku da 'yan mintuna bayan tashi, yadda Hajiya ta faɗa. Na fito daga layi 5:15. Yanzu ƙarfe 2 na dare a nan, idona biyu.

Hadiza: Barka da sauka ƙanena. Jikinka yana kan 7 na yamma ne har yanzu. Gobe ka fita cikin rana tun da hantsi, kada ka yi barcin rana ya wuce rabin awa, zuwa kwana uku ko huɗu zai daidaita.

Hajiya Rabi: Alhamdulillahi. Kwanta ko barcin bai zo ba, kasuwar waya ba ta buɗewa da sassafe. In ka huta ka kira ni da azahar ɗinku, lokacin na idar da asuba, in haɗa ka da mai dakon kayana.